Baƙo Raɓa Ne: Daga Gwaram Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

Duk lokacin da zangon karatu ya doshi ƙarshe, makarantu da dama kan shirya wa ɗalibansu ziyarar ƙaro ilimi. Wasu a kai su Gidan Makama ko gidan zu a Kano, wasu madatsar ruwa ta Tiga, makarantun da ke da hali kuma har Yankari suke zuwa. Idan aka dawo, sai a shafe mako guda ana labari ana nuna hotuna. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: shi wurin da aka je, a wane hali aka baro shi? Mutanen wurin kuma, sun ji daɗin zuwan baƙin, ko kuwa sai da suka yi ajiyar zuciya da motar ta tashi?

Wannan tambayar ce ta sa mu, wasu 'yan Gwaram da ke karatu a jami'a, muka ware kwana biyu a hutun da ya gabata, bayan an gama girbi. Rana ɗaya muka je duwatsun Birnin Kudu a matsayin baƙi, rana ɗaya kuma muka zaga ƙasarmu ta Gwaram muna kallonta da idon mai masauki. Ga abin da muka gani.

Ƙasar duwatsu a jihar yashi

Wanda ya san Jigawa ta wajen Gumel ko Maigatari zai ɗauka duk jihar yashi ce shimfiɗe, kamar yadda sunanta ya nuna. Amma da zarar an gangaro kudu, sai ƙasa ta sauya. Ruwan sama ya fi yawa, itatuwa sun fi kauri, ga manyan duwatsu wani kan wani kamar da hannu aka jera su. Nan ne Birnin Kudu da Gwaram suke, dukkansu a masarautar Dutse, suna iyaka da Jihar Bauchi. Kafin a ƙirƙiri Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, duk wannan yanki a ƙarƙashin Jihar Kano yake.

Mutanen Gwaram na ratsa Birnin Kudu kullum, masu zuwa Kano fatauci da masu zuwa asibiti. Kaɗan ne daga cikinsu ke tsayawa su leƙa duwatsun da ke gefen garin, alhali kuwa masana daga ƙasashe masu nisa sun yi rubuce-rubuce a kansu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Shanun da ba su da tozo

Tun daga tasha muka fara da tambaya. Waɗannan wurare suna cikin jerin kayan tarihin ƙasa, kuma Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke da alhakin kula da su. Saboda haka muka nemi mai kula da wurin, muka gaishe shi, muka faɗa masa daga inda muke da abin da ya kawo mu, sannan ya shige gaba muna biye. Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu su ne sunayen da suka fi fice a cikin duwatsun.

Zanen ba a fili yake ba. Yana ƙarƙashin inuwar dutse, inda wani ƙaton dutse ya rufa wa wani, ruwan sama bai cika kaiwa ba. Da farko ba ka ganin komai sai dabbare-dabbaren jan launi. Sai ido ya saba da inuwar, sannan ka ga ƙaho, ka ga doguwar gadon baya, ka ga ƙafafu. Shanu ne, wasu masu dogayen ƙahoni, wasu gajeru.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne bayansu a miƙe yake, babu tozo. Ku tuna shanun da kuka sani. Bunaji farare, Rahaji jajaye, Bokolo na ƙasar Sakkwato, duk da tozonsu. Shanu marasa tozo a yau sai ka je bakin Tafkin Chadi ka ga irin da ake kira Kuri, ko ka gangara kudancin ƙasar nan ka ga 'yan gajerun nan Muturu. Don haka ne masana ke ɗaukar wannan zane a matsayin shaidar wani zamani mai nisa, lokacin da irin dabbobin da ake kiwo a nan ba su ne na yanzu ba. Mutanen da suka yi zanen ba su bar mana littafi ba. Wannan bangon dutse shi ne abin da suka bari.

Kusa da zanen akwai wani abin mamakin. Wasu duwatsun idan aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse, sai su ba da ƙara irin ta kuge, kowane gefe da muryarsa. A jikinsu akwai 'yan ramuka sumul, waɗanda dukan shekara da shekaru ya haifar. Wani Baturen Ingila masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya yi nazarin waɗannan duwatsu a 1955, ya wallafa bayaninsu a 1956. Daga nan ne masana suka shiga neman irinsu a wasu sassan Afirka da ma wajenta. Mutanen garin kuwa, sun san da duwatsunsu tun kafin zuwansa.

Abin da hannu ɗaya ke iya yi

A jikin wasu duwatsun da ke kan hanyar shiga mun ga sunaye. Wani da gawayi ya rubuta, wani da alli, wani ma da fenti, har da shekara da sunan aji. Mun ga ledojin ruwa maƙale a tsakanin duwatsu. Mai yi mana jagora ya ce yawancin masu yin haka ba mugunta ke sa su ba, so suke kawai a san sun zo.

Ga dalilin da ya sa abin ya fi ƙarfin wasa. Launin zanen siriri ne ƙwarai, a fatar dutsen kawai yake zaune. Tafin hannun mutum na ɗauke da gumi da maiƙo da gishiri. Taɓawa ɗaya ba za ta nuna komai ba, amma idan aji mai ɗalibai 60 ya zo kowa ya shafa, makaranta goma kuma suka yi haka a shekara, sai zanen ya dinga dusashewa a hankali. Wasu kuma kan watsa wa zane ruwa don ya fito raɗau a hoto. Wannan ya fi taɓawa illa, domin ruwan kan narkar da gishirin da ke cikin dutse, idan ya bushe sai gishirin ya taso ya ɓamɓare launin. Hayaƙi ma haka: wanda ya hura wuta a inuwar dutsen don ya gasa masara, baƙin hayaƙin zai rufe abin da ya daɗe yana jiran masu kallo. Shi kuwa fenti, wajen kankare shi ma sai an yi wata ɓarnar.

Idan gini ya rushe ana iya sake shi, idan bishiya ta faɗi ana iya dasa wata. Zanen Dutsen Mesa idan ya goge, ya tafi ke nan.

Abin ya taɓa faruwa a wata ƙasa. A Faransa akwai wani kogo mai suna Lascaux, wanda wasu samari huɗu sa'o'inku suka gano a 1940. Cikinsa cike yake da zanen dawakai da bijimai da barewa na kimanin shekara 17,000. Aka buɗe shi ga jama'a a 1948, mutane suka dinga tururuwa, har fiye da 1,000 a rana. Numfashinsu da ɗumin jikinsu kawai suka sauya iskar kogon, gansakuka ta fara fitowa a bango. Dole aka rufe shi a 1963. Daga baya aka gina kwaikwayonsa a kusa, aka buɗe a 1983, kuma irin wannan kwaikwayo baƙi ke kallo har yau. Namu na Birnin Kudu har yanzu na ainihi muke gani da idonmu, kuma ɗorewar wannan gata tana hannun masu zuwa.

Ko kiɗa dutsen ma sai da ladabi. Ba mu ɗauki dutse mun hau duka ba, sai da mai kula da wurin ya nuna mana inda ake bugawa da abin da ake bugawa da shi, muka yi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe ko guduma na iya tsaga dutsen, kuma dutsen da ya tsage ba ya ƙara yin amo.

Wa ya ci ribar zuwanmu?

Akwai wata barazanar da ta fi rubutun suna girma. Garuruwa na faɗaɗa, masu gini na neman tsakuwa, kuma duk inda dutse yake kusa da gari, za ka tarar da masu fasa shi. Ba za mu zargi mai fasa dutse ba, abincin iyalinsa yake nema. Amma mu tsaya mu yi tunani: idan dutse a tsaye ba ya kawo wa mutanen unguwa ko sisi, a fashe kuma yana kawo kuɗin cefane, wanne za su zaɓa?

A nan ne baƙo ke da rawar takawa. Sau da yawa motar makaranta kan zo da komai nata, shinkafa a kula, lemo a kwali, burodi daga birni. A ci, a sha, a watsar da shara, a tafi. Mutanen gari ba su samu komai ba sai ƙura. Mu yi ɗan lissafi. Idan ɗalibai 60 kowa ya kashe Naira 500 a garin, Naira 30,000 ke nan ta shiga hannun mai awara da mai fura da mai rake da ɗan acaɓa a yini guda. Idan kuma kowa ya sha ruwan leda uku ya yar, leda 180 aka bar musu. Ziyara ɗaya ce, amma dubi bambancin abin da za ta iya bari.

Mu dai a garin muka ci abincin rana, 'yan acaɓan garin suka kai mu suka dawo da mu, kuma muka haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa muka ba wanda ya yi mana jagora. Da muka miƙa masa, sai ya ce, “'Ya'yana, ai da kun bar shi, ku da kuke karatu.” Muka ce, “Baba, a yi haƙuri a karɓa, ai mun tsayar da kai daga aikinka.” Haƙƙinsa ne, domin ya ba mu lokacinsa da iliminsa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga amfanin irin wannan. A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, akwai ragowar raƙuman dawa irin na Afirka ta Yamma. A 1996 ba su kai 50 ba. Sai aka tsara cewa duk baƙon da ya zo kallonsu zai ɗauki jagora ɗan yankin ya biya, aka kuma riƙa tallafa wa ƙauyukan da abubuwa irin su rijiyoyi da ƙananan rance. Manomi ya ga dabbar da ke taɓa masa wake tana kuma kawo masa alheri. Da wannan da kuma hana farauta, adadinsu ya haura 600. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware shekarar 2017 don jan hankali kan yawon buɗe ido mai ɗorewa, wato irin wanda ba ya cinye abin da aka zo kallo, kuma yake amfanar masu wurin.

Gwaram da idon mai masauki

Washegari muka juya gida. A nan mu ne masu gari, don haka mun san abin da ke yi wa mai masauki daɗi da abin da ke ƙona masa rai.

Muka fara da bakin kogi. Kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram daga tsaunukan Jos ya taso. Ta can sama Bunga ake kiransa, a gaba kuma ya zama kogin Jama'are, ya je ya haɗu da na Haɗeja, su zama kogin Yobe da ke nufar Tafkin Chadi. Da rani ruwan kan ja baya ya bar farin yashi, masu lambu su kafa injinansu a fadama. Wuri ne mai daɗin zama da yamma, shi ya sa baƙi 'yan biki da 'yan hutu ke son zuwa. Amma ledar da aka yar a kan yashin nan ba a nan take tsayawa ba. Ko dai akuya ko saniya ta haɗiye ta, ta cushe mata ciki har ta rame ta mutu, kamar yadda kowane mahauci zai ba ku labari, ko kuma ruwan damina ya kwashe ta ya kai wa mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Buhu ɗaya da muka zo da shi bai yi rabin sa'a ba ya cika.

Idan kuwa da damina kuka zo, kogin ya cika, to maganar mai fito ita ce doka. In ya ce kwale-kwale ya cika, a jira sawu na gaba. Ba a tsayuwa a ciki don ɗaukar hoto, ba a kuma taruwa a gefe ɗaya.

Maganar hoto kuwa, ita ce ta fi damun mutanenmu a yanzu. Baƙo zai ga mata na wanki a bakin ruwa, ko 'yar Fulani ɗauke da ƙwaryar nono, ko tsoho na gyangyaɗi a gindin bishiya, sai kawai ya ɗaga waya. Kafin dare hoton ya hau Facebook ko TikTok, wani lokaci har da kalaman ba'a game da ƙauyanci. Wanda aka ɗauka bai sani ba, sai dai ɗansa da ke birni ya gani. Kowannenmu ya tambayi kansa: da mahaifiyata ce fa? Neman izini bai fi kalma biyar ba, “Inna, in ɗauke ki hoto?” In ta ce a'a, shi ke nan, a mayar da waya aljihu. Ƙananan yara kuma, iyayensu ake tambaya.

Haka nan gona. Abin da baƙo ke gani kamar fili ne kawai, shukar wani ce. A bi hanya ko burtali, kada a tattake kunya don a yanke nisa. Mangwaro ko goba da ke bakin hanya na da mai shi, kuma sau da yawa in ka yi sallama ka roƙa, abin da za a ba ka ya fi wanda za ka tsinka a ɓoye. In kuma ayari ne babba, a fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. Gaisuwar minti biyar kan sa gari duka ya zama mai tsaronku.

Daga nan muka leƙa Sara, garin da kasuwarsa ke tara fatake daga nesa. A nan mun lura da wata ɗabi'a. Mutumin da ba ya neman ragi a babban kanti a birni, shi ne zai tsaya yana ja-in-ja da tsohuwa a kan faifan da ta kwana uku tana saƙawa. Ciniki al'adarmu ce, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Amma akwai tayin da ya zama cin zali. In kun ga abin hannu, tabarma ko tukunya ko faifai, ku tuna da wahalar da aka sha kafin ku yi tayi.

Akwai kuma abin da bai kamata a saya ba ko da an yi araha. A hanyoyin da suka ratsa daji, wani lokaci za a miƙo muku ɗan biri ɗaure da igiya, ko kunkuru, ko tsuntsu a keji. Tausayi kan sa mutum ya saya, amma duk wanda aka saya, gobe sai an kamo wani. Haka buhunan gawayin da ke jere a bakin titi. Kowane buhu bishiya ce da ta yi shekaru tana girma, kuma itatuwan nan su ne suka bambanta kudancin Jigawa da arewacinta. Matafiyin da ke cika bayan mota da gawayi don ya fi araha a nan, da shi ake saran dajin ko da bai taɓa riƙe gatari ba.

Kafin motarku ta tashi

Ga 'yan shawarwari da za ku iya kai wa malamin da ke shirya muku tafiya. A sanar da masu kula da wurin tun kafin ranar, domin su shirya. A shiga mota ɗaya babba maimakon ƙanana da yawa, man da za a ƙona ya ragu, kuɗin ma haka. Kowa ya zo da gorar ruwansa, a kuma tanadi buhu biyu na shara, a naɗa ɗalibai biyu su kula da su, a dawo da su cikin motar. A wurin zane, a kasu goma-goma, a tsaya nesa da bango kamar taku biyu, hannu a baya. Mai son a san ya zo, ya sa sunansa a littafin baƙi in akwai, ko ya zana saniyar a littafinsa na makaranta ya kai gida. A bar wani kaso na kuɗin guzuri don a kashe a garin. A ƙarshe, a yi sallama da godiya kamar yadda aka yi gaisuwa da farko.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. An fi fassara shi da cewa baƙo ba ya daɗewa, don haka a yi haƙuri da shi. Amma manomi ya san wani abu game da raɓa: takan sauka cikin dare ba ta karya ko ganye ɗaya, kuma wake kan ji daɗinta bayan ruwa ya ɗauke. Cikinku akwai waɗanda nan da shekara 20 za su zama malamai su kawo nasu ɗaliban Birnin Kudu. Muna fata su tarar da shanun nan marasa tozo suna nan a inuwarsu, duwatsun kuma suna amo.

Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.